Satiru: Mas'alar da Bindiga Ta Yanke

Kudu da birnin Sakkwato, tafiyar mil 14 ko kusa da haka, ta wajen ƙasar Dange, akwai wani kufai da ake kira Satiru, wanda a farkon shekarar 1906 gari ne mai mutane dubbai, amma kafin watan Maris na wannan shekara ya ƙare an mayar da shi toka, an kuma la'anci duk wanda zai sake kafa bukka ko ya sa fartanya a cikinsa. Duk sa'ad da na ji mutanen zamaninmu suna jayayya a kan ƙungiyoyin da ke ɗaukar makami da sunan addini, da kuma ko ya halatta a gayyato sojan wata ƙasa don a murƙushe su, sai in ga cewa jayayyar ta girme mu duka, domin kakanninmu sun fuskance ta a wannan wuri, kuma yadda aka rufe ta a wancan lokaci ya bar mana gadon da ba mu gama biyan bashinsa ba.

Kafin a fahimci Satiru, wajibi ne a koma shekara uku baya. Bayan Kano ta faɗi a hannun rundunar Ingila ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ta bi bayanta ranar 15 ga Maris a filin Giginya, sai malamai da masu sarauta suka sami kansu gaban wata mas'ala wadda littattafansu suka san ta a rubuce, amma ba su taɓa zaton za ta sauka a ƙofar gidansu ba, watau mene ne hukuncin Musulmin da Nasara suka rinjayi ƙasarsa. Wasu suka ce hijira ta wajaba, suna kafa hujja da abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya wallafa a kan wajabcin yin ƙaura daga ƙasar da kafirci ya rinjaya. A kan wannan ra'ayi Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fuskanci gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, manoma suna barin gonakinsu, bayi suna barin iyayengijinsu, har aka cim masa a Burmi, a ƙasar Gwambe, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran masu hijira har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin Kogin Nilu yake ɗauke da sunansa har yau.

Wasu kuwa, Waziri Buhari a gabansu, suka komo birni suka yi sulhu, kuma Waziri bai bar wannan mataki ba tare da bayani ba, ya rubuta risala zuwa ga ma'abuta ilmi yana faɗin yadda zuciyarsa ta ƙuntata da abin da ya yi, da yadda ya nemi fatawar malamai, suka nuna masa cewa idan larura ta kai matuƙa, kuma aka ji tsoron halakar jama'a da watsewar addini daga ƙasa baki ɗaya, ya halatta a yi takiyya, a yi mu'amala da mai rinjaye da harshe a al'amuran duniya, zuciya kuwa tana nan a kan imaninta, muddin ba a hana salla da azumi da sauran rukunnan Musulunci ba. Gwamna Lugga kuma, sa'ad da ya naɗa Attahiru na biyu, jikan Muhammadu Bello, ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu a sha'anin addini ba. Ko mutum ya karkata ga masu hijira ko ga masu zama, dole ya shaida cewa muhawara ce ta ilmi, an yi ta da nassi da ƙiyasi da ladabi, kowane ɓangare yana ganin ɗan'uwansa Musulmi ne mai ijtihadi.

Sai dai wannan muhawara ta manya ce, kuma akwai waɗanda ba a tambaye su ba. Satiru an kafa ta ne tun kafin zuwan Nasara, a zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda tsananin mulkinsa ya sa aka yi masa laƙabi da Ɗanyen Kasko, kuma masu kafa ta ƙananan malamai ne matalauta, waɗanda ba su da gidan sarauta da suke jingina da shi, suna kuma ƙyamar biyan haraji ga hakiman da suke gani sun kauce wa tafarkin Shehu. Da Turawa suka zo, sai suka ƙara wa wannan miki gishiri ta hanya biyu. Ta farko, sun sanar a 1901 cewa an hana kai hari don kama bayi da cinikinsu, kuma duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma saboda tsoron kada gandayen masu sarauta su mutu, sai suka riƙa hana bawan da ya gudu wurin zama, suna tura shi ga murgu da fansa a gaban alƙali. Bawa ya ji an ambaci 'yanci, ya miƙa hannu, aka ce masa ya dakata. Ta biyu, harajin da a da ake iya kauce masa ya zama abin da ake ƙidayawa, da soja a bayan mai karɓa. Saboda haka bayin da suka tsere daga rumadan da ke kewaye da Sakkwato, da talakawan da suka gaji, suka riƙa kwarara Satiru, inda ba a mayar da mai gudu ga ubangijinsa.

Harshen da waɗannan mutane suka samu na faɗin damuwarsu shi ne zancen Mahadi, kuma ba su ne suka ƙago shi ba. Tun zamanin jihadi jama'a ke sauraron bayyanarsa, har Shehu ya rubuta yana kore wa kansa wannan matsayi, yana kuma gargaɗi a kan masu da'awarsa. Daga baya Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, ya zauna a Balda a ƙasar Adamawa yana kiran mutane. Ga wanda ya ga tutar Musulunci ta faɗi a Giginya, Sarkin Musulmi ya kwanta a Burmi, ba abu ne mai wuya ba ya gaskata cewa alamomin ƙarshen zamani sun cika. A 1904 wani malamin Satiru da ake kira Maikaho ya yi da'awar Mahadiyanci, aka kama shi aka kai Sakkwato, ya rasu a tsare, aka sallami mutanensa bayan sun yi rantsuwa, ɗansa Malam Isa ya gaje shi.

Wutar kuwa daga hayin iyaka ta taso, iyakar da Ingila da Faransa suka shata a kan takarda ba tare da sanin masu ƙasa ba. A ƙarshen 1905 mutanen Kobkitanda, a ƙasar Doso, suka ƙi biyan harajin Faransa bisa wa'azin wani makahon malami Bazabarme, Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, kuma da Faransawa tare da mahayan Zarmakwai, sarkin Doso, suka fatattake su a Janairu 1906, sai ya tsallako da ragowar almajiransa ya sauka Satiru. A nan ne zance ya tashi daga wa'azi ya koma jini, kuma gaskiya ta wajabta a faɗi cewa jinin farko da aka zubar ba na Nasara ba ne: mutanen Satiru sun auka wa maƙwabtansu na Tsomau, Musulmi talakawa irinsu, waɗanda laifinsu kawai shi ne sun ƙi yin mubaya'a, suka kashe mutane suka ƙone gari. Wanda yake son ya wanke Satiru sarai ba shi da amsar da zai ba marayun Tsomau.

Ranar 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan, Hillary, ya fita daga Sakkwato da kamfani guda na sojan doki a ƙarƙashin Laftanar Blackwood, da niyyar kama shugabannin. Hillary ya wuce gaba don ya yi magana da su, sai jama'a ta taso da gatura da fartanyu da kwari da baka, sojoji suka yi ƙoƙarin ɗaura sahu alhali dawakinsu sun firgita, kafin a ce haka an kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Blackwood da sojoji baƙar fata kimanin 25, bindiga mai ruwa kuma ta faɗa hannun manoma. Malam Isa ya sami rauni a wannan karo, ya cika bayan kwana kaɗan, ragama ta koma hannun Ɗan Makaho. Tun da Turawa suka shigo ƙasar Hausa ba su taɓa shan irin wannan kaye ba, kuma ya zo daidai lokacin da yawancin sojansu suka tafi ƙasar Tibi saboda tarzomar Abinsi.

A cikin waɗannan makonni, da sarakuna sun juya baya, da mulkin Ingila ya shiga haɗari mai girma. Amma Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya tsaya tare da Razdan Burdon, Marafa Maiturare na Gwadabawa ya kawo mahayansa don tsaron birni, sarakunan Kano da sauran manyan garuruwa suka aiko da alkawarin taimako. Ba na cikin masu saurin kiran wannan cin amana, domin a mahangar fikihun da suka karanta, wanda ya yi da'awar Mahadiyanci ba da hujja ba, ya halatta jinin wanda ya ƙi shi, ɗan fitina ne, kuma sun ga abin da ya faru a Burmi, sun san abin da igwa take yi wa gari. Amma kuma ba za a ɓoye cewa a cikin masu ɗaukar gatari a Satiru akwai bayinsu da suka tsere ba, kuma nasarar Satiru tana nufin mutuwar gandu da haraji. Maslahar addini da maslahar dukiya sun haɗu a wuri guda, har ya yi wuya a rarrabe wadda ta fi nauyi a zuciyar kowane basarake.

Ranar 10 ga Maris runduna ta fiye da soja 500, a ƙarƙashin Manjo Goodwin, ta isa Satiru. Mutanen garin suka fito fili suka yi ta afka wa sahun bindigogi, sau da yawa, da makaman da ba su kai ko kusa ba, daga nan aka shiga gari da banati, mahaya suka bi waɗanda suka gudu cikin daji. Lissafin Turawa da kansu ya kai mutum 2,000 da aka kashe, aka kuma kwashe mata da yara kimanin 3,000 aka rarraba, da yawansu suka koma hannun waɗanda suka gudo daga gare su. Aka kama Ɗan Makaho, aka yanke masa hukunci a Sakkwato, aka kashe shi a kasuwa tare da wasu daga cikin manyan almajiransa. Lugga ya so a yi abin da zai zama izina, kuma an yi. A London ma sai da Winston Churchill, wanda a lokacin shi ne mataimakin sakataren ƙasashen mulkin mallaka, ya rubuta yana tambaya a kan karkashe taron da kusan ba shi da makami. Tambayar ta tsaya a cikin fayil. A wannan shekara aka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu bisa zargin yana da masaniya, aka kai wa Haɗeja yaƙi a watan Afrilu aka kashe Sarki Muhammadu, Faransawa kuma suka tuɓe Sarkin Damagaram Ahmadu ɗan Bassa bisa tuhumar makirci, suka kai shi gudun dole ƙasar Kwaddibuwa, Sarkin Musulmi kuwa aka ba shi lambar girma ta Ingila.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan tarihi shi ne bambancin da ke tsakanin 1903 da 1906. Sa'ad da mas'ala ta shafi manya, an zauna an buɗe littattafai, an rubuta risaloli, an yi wa juna uzuri. Sa'ad da ta taso daga bayi da ƙananan malamai, tana tambayar ko halal ne a riƙe Musulmi cikin bauta, ko harajin da ake tarawa a miƙa wa Nasara yana da asali a shari'a, sai aka amsa ɓatan aƙidarsu, aka bar tambayarsu ba amsa. Daular da Shehu ya kafa tana da hanyoyinta na magance irin wannan, daga munazara da nasiha har zuwa yaƙi mai ƙa'ida, wanda fikihun Malikiyya ya iyakance shi a kan 'yan tawaye Musulmi, ya hana bautar da matansu da 'ya'yansu. Bindigar baƙo ba ta san waɗannan iyakoki ba, kuma wanda ya dogara da ita ba shi da ikon ce mata ta tsaya a nan. Daga ranar Satiru Turawa suka tabbata cewa amincinsu yana hannun sarakuna, sarakuna kuma suka tabbata cewa gadonsu yana hannun Turawa, kuma a kan wannan fahimta aka gina mulkin En'e na shekara hamsin da suka biyo.

Tsoron Mahadi bai bar zukatan Turawa ba bayan haka. Suka riƙa sa ido a kan malamai matafiya da alhazan da ke komowa ta hanyar Sudan, suna tuhumar kowace takarda da ta fito daga gabas, har a 1923 suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu, wanda ya tara jama'a a Dumbulwa ta ƙasar Fika, ba tare da ya ɗaga makami a kan kowa ba, suka kai shi Buea a ƙasar Kamaru, daga baya suka mayar da shi Kano, inda ya zauna a tsare har gab da samun mulkin kai.