Daga Ina "Do Re Mi" Ta Fito? Tarihin Rubuta Kiɗa a Takarda



Duk mai yaro a firamare ko ƙaramar sakandare a nan Kudu, da wuya bai taɓa jin "do re mi fa so" a tsakar gidansa ba. Wasu yaran har littafi ake sa su saya mai layi biyar-biyar, su yi ta zana 'yan ɗige-ɗige masu jela kamar talibambam. Ranar da 'yata ta kawo mini nata aikin gida, sai na yi zuru. Abin da ya fara zuwa raina shi ne: yaya za a yi a rubuta sauti? Kalmomin waƙa dai mun san ana rubuta su. Amma hawa da saukar murya fa?

Ashe tambayar ta daɗe tana damun mutane. Wajen shekara 1,400 da suka wuce, wani malamin Kirista a ƙasar Sifen, Isidore, ya rubuta cewa sauti in ba a riƙe shi a ka ba ya tafi ke nan, domin ba ya rubutuwa. A lokacin, waƙoƙin ibadar coci a Turai hadda ake yi, baki da baki. Sai a ƙarni na 9 aka fara sa wasu 'yan alamomi a saman kalmomi, wannan ta yi sama, waccan ta gangaro, don tuna wa mai rerawa inda murya ke hawa da inda take sauka. Sai dai ba su faɗin nisan hawan. Wanda ya riga ya san waƙar za su tuna masa, baƙonta kuwa ba abin da za su tsinana masa. Kamar dai rubutun ajami marar wasali: mai shi ya karanta sumul, kai kuma ka yi ta lalube.

Wanda ya warware matsalar wani malami ne ɗan Italiya mai suna Guido, da ke koyar da waƙar ibada a gidan masu zaman zuhudu na Pomposa. Ya gaji da ganin yaro ya shafe shekara goma yana hadda bai ƙare ba. Dabararsa mai sauƙi ce, irin wadda sai an yi ta kowa zai ce ai da ma. Ya ja layuka a kwance, ya ba kowane layi da kowane fili da ke tsakanin layi biyu sautinsa na dindindin. Alama in ta hau layin sama, murya ta hau. In ta sauko, murya ta sauko, kuma an san ainihin matakin da ta taka. Ya shafa wa layi ɗaya jan tawada, wani kuma rawaya, don kada ido ya ɓata. Wanda ya saba da littattafan malamanmu masu baƙar tawada da ja zai gane hikimar nan da nan.

Abokan zamansa ba su yi murna ba. Hassada ta sa ya bar Pomposa ya koma garin Arezzo wajen shekarar 1025, shi ya sa ake kiransa Guido na Arezzo. Ina ganin ba abin mamaki ba ne: mutumin da darajarsa ita ce abin da ya haddace cikin shekara goma, ka zo ka ce yaro zai iya shi cikin shekara ɗaya ko biyu, ai ka taɓa masa tuwo. Labari ya kai ga Paparoma John na 19, ya kira shi Roma wajen 1028. Guido da kansa ya ba da labari a wata wasiƙa cewa Paparoman bai tashi daga mazauninsa ba sai da ya rera baitin da bai taɓa ji ba, daga takarda kawai.

Shi ne kuma tushen "do re mi". Akwai wata waƙar coci ta yabon Annabi Yahaya wadda kowane ɗango daga cikin shida na farko yake farawa da sautin da ya ɗara na baya da mataki ɗaya. Sai ya tsinci gaɓar farko ta kowanne: ut, re, mi, fa, sol, la. A ƙarni na 17 Italiyawa suka mayar da "ut" ta zama "do" don ta fi daɗin faɗa. "Ti" da yaranmu ke cewa kuwa daga Ingila ta zo, daga hannun wata malama Sarah Glover ta garin Norwich a ƙarni na 19.

Layukan Guido sun nuna hawa da sauka, amma ba su nuna tsawon da za a ja kowane sauti ba. Wannan sai a ƙarni na 13, lokacin da Franco na Cologne ya tsara cewa siffar alama ita za ta faɗi tsawonta. Jikokin wannan tsari ne ke littafin yaranmu: farin ƙwai marar sanda bugu huɗu, farin mai sanda biyu, baƙin mai sanda ɗaya, in ya yi jela rabi. Da wannan ake fara koyo har gobe, da tafi da ƙirga, kafin a taɓa wani abin kiɗa. Layuka suka tsaya a biyar, kuma a 1501 Petrucci ya buga wani littafin waƙoƙi masu muryoyi da yawa da injin ɗab'i a birnin Venice. Daga nan rubutun ya bazu.

Kada a ɗauka Turawa kaɗai suka yi wannan tunani. A Bagadaza, Safiyuddin al-Urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya rubuta kiɗa a littafinsa Kitabul Adwar da haruffan abajada, lambobi a ƙarƙashinsu suna nuna tsawo. Sai dai nasa ya tsaya a hannun masana, makaɗa suka ci gaba da koyo da kunne.

A Najeriya, rubutun kiɗa ta ƙofa biyu ya shigo: coci da bariki. 'Yan mishan sun yaɗa "do re mi" a makarantunsu, 'yan badujala na soja da 'yan sanda kuma suka koyi karanta layi biyar. T.K.E. Phillips, mai kaɗa molon coci a babbar majami'ar Marina a Legas, ya yi karatun kiɗa a Landan tun kafin Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare, ya kuma fitar da littafi kan kiɗan Yarbawa a 1953. Ɗalibinsa Fela Sowande, haifaffen Abekuta, ya rubuta kiɗan da har yau ake kaɗawa a ƙasashen waje. Taken ƙasa na 1978 ma, Benedict Odiase, shugaban 'yan badujalar 'yan sanda, shi ya tsara kiɗansa. Da aka dawo da tsohon take na 1960 a shekarar 2024, kiɗan na nan a rubuce, ɗauko shi kawai aka yi.

Mu fa? Mun rubuta waƙa tun da daɗewa. Baitocin Nana Asma'u na nan a ajami, Imfiraji ta Aliyu Namangi na nan a buge. Kalmomi da ma'auni suka shiga takarda, karin muryar kuwa a bakin mutane ya zauna, kuma in mai shi ya rasu bai koya wa kowa ba, tare ake binne su. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Faifai da kaset ne suka riƙe mana muryoyinsu. Makaɗan fada da suka rayu kafin zuwan na'urar ɗaukar murya, sai abin da 'ya'ya da barori suka riƙe.

Ba na cewa layi biyar zai ɗauke mana komai. An gina shi ne kan matakan sautin Turai. Kalangu kuwa magana yake yi, mai kiɗa ya matse tsarkiya a hammata sauti ya zame tsakanin mataki da mataki, haka goge da algaita. Wanda ya rubuta su a wannan tsari dole ya yanke wani abu ko ya ƙirƙiro ƙarin alamomi. Amma ƙashin bayan waƙa, wato bugu da zubin karin murya, yana rubutuwa, kuma takarda tana nuna wa mai koyo abin da kaset ba ya nunawa: inda kowane bugu ya faɗa.

Jami'ar Najeriya ta Nsukka na da sashen kiɗa tun 1961, cibiyar MUSON kuma tana Onikan a Legas tana koyar da wannan rubutu. Yaranmu da ke makarantun nan suna samunsa a aji, ga kuma Hausa a kunnensu daga gida. Na sa 'yata ta gwada rubuta waƙar dandali guda da kakarta ke rera mata. Ta yi kwana uku a kan layi biyu na farko, kuma har yanzu suna gardama da tsohuwar kan inda muryar ke sauka a ƙarshen amshi.