Yadda Aka Gano Siffar Ƙwayar Ruwa da Danginta

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa a ajin kimiyyar haɗe-haɗe akan ba mu doka a ce mu haddace, ba tare da an gaya mana wahalar da aka sha kafin a same ta ba. Ni a ganina, wanda bai san asalin doka ba, riƙonsa gare ta riƙon sakainar kashi ne. Saboda haka zan ɗan kawo tarihin dokar nan da ke bayyana siffar molikul, wato gungun atam da suka haɗu suka zama abu guda.

A shekarar 1874 wani saurayi ɗan ƙasar Holan mai shekara 22, van 't Hoff, da wani Bafaranshe, Le Bel, kowa da nasa binciken, suka ce hannuwa huɗu na atam ɗin kabon ba a shimfiɗe suke kamar tabarma ba, sun nufi kusurwoyi huɗu na dala. Wani babban malami a Jamus, Kolbe, ya yi wa van 't Hoff ba'a ƙwarai a 1877, yana ganin mafarki ne kawai. Amma gaskiya ta yi halinta. Sai dai a lokacin ba wanda ya san dalilin wannan siffa, domin ilektiron ma ba a gano shi ba sai a 1897.

A 1916 Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana cewa abin da ke ɗaure atam biyu shi ne ilektiron biyu da suke tarayya a kansu, waɗanda zan kira tagwaye. Daga nan Ryutaro Tsuchida na Japan a 1939, da Sidgwick da Powell na Jami'ar Oxford a 1940, suka lura cewa yawan tagwayen da ke kewaye da atam na tsakiya shi ke yanke siffar molikul. Tsuchida da harshen Japananci ya rubuta nasa, kuma har yau sunansa bai yi tashe kamar na sauran ba.

Waɗanda suka ƙarasa aikin su ne Ronald Gillespie da Ronald Nyholm a Landan, a 1957. Bayaninsu mai sauƙi ne. Tagwayen nan zaman kishiyoyi suke yi, kowanne na neman nisa da ɗan'uwansa iyakar iyawa. In rukuni biyu ne, sai su miƙe a layi ɗaya, digiri 180, kamar iskar kabon da muke fitarwa. In uku ne, digiri 120. In huɗu ne, digiri 109.5, kamar iskar misen, wato dalar nan ta van 't Hoff. Suka ƙara da cewa tagwayen da ba su ɗaure kowane atam ba sun fi cin wuri. Shi ya sa amoniya, mai irin waɗannan guda ɗaya, ta zauna kamar tukunya a kan duwatsun murhu da kusurwa wajen digiri 107, ruwa kuwa mai guda biyu ya tanƙware zuwa 104.5.

Kada a raina wannan tanƙwara. Ita ta sa ƙwayar ruwa ke da gefe biyu masu cajin lantarki daban, har ruwa ke narkar da gishiri. Da a miƙe take, da cajin ya soke juna.

An jarraba dokar bayan 1962, sa'ad da aka fara haɗa iskar zenon da wasu abubuwa, alhali da ana zaton ba ta haɗuwa da kome. Gillespie ya yi hasashen siffofin sababbin haɗin zenon da fulorin, bincike kuma ya gaskata shi. Duk da haka dokar tana da iyaka, don takan kuskure a kan haɗe-haɗen ƙarafa da yawa.

Nyholm ya rasu a haɗarin mota a 1971, Gillespie kuwa, wanda ya koma Kanada, ya rasu a 2021. Daga 1874 zuwa 1957 shekara 83 ke nan, ga shi yau malami na koyar da ita cikin darasi ɗaya. In mun zo haddace ta, ya kamata mu riƙa ambaton waɗanda suka share mana hanya, har da Tsuchida. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.