Daga Kaduna Zuwa Birnin Kabi: Tarihin Wakilcin Mutanen Mungadi

In mutum ya baro Jega ya nufi kudu, ya bi hanyar Koko da Yawuri, ƙasar da ya ke fara ratsawa ita ce ta Maiyama, a cikinta kuwa Mungadi ta ke. Mutanen wannan wuri, da 'yan'uwansu na Jega da na Aliero, duk talakawan Sarkin Gwandu ne tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Jega ta yi suna da kasuwa tun kafin zuwan Turawa, Aliero kuwa da albasa da masu ɗorin karaya. Amma ba fatauci ko noma ya sa muka ɗauki alƙalami yau ba. So mu ke mu bi sawun abu guda, watau yadda bakin manomin Mungadi ya riƙa isa wurin da a ke yin doka, da kuma mutum nawa maganarsa ta ke ratsawa kafin ta isa.

Da fari dai ba ta isa. Sa'ad da tsarin mulki na Gwamna Richards ya fara aiki a 1947, aka kafa majalisu biyu a Kaduna, ta Sarakuna da ta Wakilai. Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, yana cikin manyan da suka zauna a ta Sarakuna. Wakilan larduna kuwa En'e ce ke fid da su daga cikin ma'aikatanta. Saboda haka talaka ya na da mai magana da sunansa, amma ba shi ya aike shi ba, ba kuwa shi zai kira shi ya tambaye shi abin da ya faɗa ba.

A 1951, bisa tsarin Gwamna Macpherson, aka ce to, a yi zaɓe. Amma wane irin zaɓe? Na hawa-hawa ne, kamar tsani. Maza baligai masu biyan haraji su taru a ƙauye, a fili, gaban dagaci, su fid da mutum. Waɗanda aka fitar su taru a gunduma su sake tacewa, daga nan sai gaba, har a kai taron ƙarshe na lardi, ga mutanenmu kuwa Lardin Sakkwato ke nan. A wannan taro na ƙarshe En'e ta na da ikon ƙara nata mutane, ɗaya cikin goma. Mai karatu ya duba da kansa: abin da aka zuba a rariya sau uku ko huɗu, me zai saura na ɗanɗanon farko? Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta ga haka da idonta, gama ta yi rinjaye a hawan farko a birnin Kano, amma da aka kai hawan ƙarshe ba ta sami ko kujera ɗaya ba. Wakilai 90 aka zaɓa daga Arewa duka, galibinsu kuwa hakimai ne da ma'aikatan En'e.

Ba mu ce waɗannan mutane ba su yi aiki ba. Cikinsu Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya fito, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da mu ke faɗi shi ne, mutumin da ya hau ta tsanin En'e, da wuya ya juyo ya sare tsanin.

Sai a zaɓen Tarayya na 1959 mutumin karkara ya shiga ɗaki shi kaɗai da ƙuri'arsa a hannu. Aka jera akwatuna, kowane da alamar jam'iyya, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, don wanda bai iya boko ba ya gane. Haka kuma aka yi a zaɓen Majalisar Jihar Arewa na 1961. Duk da haka rabin jama'a na gida, domin mata a Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Kuma wakilin da aka zaɓa, Kaduna zai tafi, tafiyar da a wancan zamani ba kowa ke yin ta ba ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka yi juyin mulki, majalisa ta watse, aka shekara goma sha uku ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Cikin waɗannan shekaru ne aka yanka ƙasa. A 1967 aka yi Jihar Arewa Maso Yamma, a 1976 aka yi Jihar Sakkwato. Saboda haka da farar hula suka komo a 1979, wakilin wannan yanki Sakkwato ya nufa, ba Kaduna ba, Gwamna kuwa Shehu Kangiwa ne na jam'iyyar NPN. Wannan ma ba ta yi tsawon rai ba, soja suka sake rufe ta ran 31 ga Disamba 1983.

Ran 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya fid da Jihar Kabi daga cikin Sakkwato, majalisa ta matso Birnin Kabi, inda mutum zai iya zuwa da safe ya komo gida kafin magariba. Amma ga abin mamaki: zaɓen Disamba na shekarar nan, wanda ya kawo Gwamna Abubakar Musa na NRC, a fili aka yi shi, kowa ya bi layin ɗan takarar da ya ke so a ƙidaya kawuna. Watau bayan shekara 40 an komo kusa da inda aka faro, mai unguwa na kallo, surukinka na kallo, wanda ya ba ka bashin iri na kallo. A Nuwamba 1993 Janar Abacha ya sallami kowa.

Tsarin da a ke bi yanzu na 1999 ne, lissafinsa kuwa mai sauƙi. Doka ta ce kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar ke da su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kada su kasa 24, kada su wuce 40. Kabi na da kujera 8 a Abuja, aka ninka uku, ya zama 24, watau mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda. Ƙananan hukumomi kuwa 21 ne. Aka ba Birnin Kabi da Bagudo da Danko-Wasagu bibbiyu, sauran kowace ɗaya. Ta haka Jega ta sami kujera guda, Aliero guda, Maiyama guda, Mungadi na cikin ta Maiyama. A Majalisar Wakilai ta Tarayya kuwa an raba su: Jega da Aliero na tare da Gwandu, Maiyama na tare da Koko-Besse. Sai a Majalisar Dattawa suka sake gamuwa, cikin Kabi ta Tsakiya.

Wannan yanki bai rasa manyan mutane a harkar zaɓe ba. Muhammadu Adamu Aliero ya yi Gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya tafi Majalisar Dattawa, ya bar ta a 2008 ya zama Ministan Abuja, Atiku Bagudu ya gaje kujerar. Ya komo a 2015, a 2023 kuma ya kā da Bagudu ɗin, alhali Bagudu na kan gadon Gwamna. Farfesa Attahiru Jega kuwa shi ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, a hannunsa aka kawo na'urar tantance katin zaɓe, a hannunsa kuma shugaban ƙasa mai ci ya fāɗi zaɓe karo na farko a tarihin Nijeriya.

To, sai dai hasken waɗannan manyan kujeru ya kan rufe 'yar kujerar da ta fi kusa da talaka. Rana ɗaya a ke zaɓen Gwamna da na ɗan majalisar jiha, mutane da yawa kuwa inda suka dangwala wa Gwamna nan su ke dangwala wa ɗan majalisa, ko sunansa ba su tambaya ba. Muna ganin wannan hasara ce babba. Majalisar jiha ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke yin dokar da ƙananan hukumomi ke tafiya a kanta, ita ke tantance kwamishinoni, ita kaɗai kuma ke da ikon tsige Gwamna. Hanyar da za ta fid da shinkafar fadama zuwa kasuwar Jega, da malamin firamare, da ɗakin shan magani, maganarsu a Birnin Kabi a ke yanke ta, ba a Abuja ba. Har ma doka ta ba masu zaɓe ikon yi wa wakilinsu kiranye, in fiye da rabin waɗanda suka yi rajista a mazaɓar suka sa hannu, abin da kakanninsu na 1951 ko a mafarki ba su gani ba.

Saura magana ɗaya, ta iyaka. Doka ta ce a yanka mazaɓu yadda yawan mutanensu zai yi kusan daidai, a kuma riƙa sake dubawa bayan shekara goma ko fiye. Iyakokin da a ke aiki da su tun 1996 aka shata su, zamanin soja. An yi ƙidayar jama'a a 2006, ba a taɓa su ba. A 2021 hukumar zaɓe ta ƙara rumfunan jefa ƙuri'a a ƙasa duka daga 119,974 zuwa 176,846, tafiya ta ragu ga tsofaffi da mata, amma kujera ba ta ƙaru ba. Yaron da aka haifa a Mungadi shekarar da aka ja layin nan, ya jefa ƙuri'a a 2015, da 2019, da 2023, duk cikin mazaɓar da aka auna da yawan mutanen zamanin ubansa.