Kasko

kasko (suna, namiji, jam'i: kasake). 1. Buɗaɗɗen mazubi na yumɓu da ake zuba garwashi a ciki don ɗumama ɗaki da hunturu. A Shinaka da garuruwan bakin gulbin Rima, sanyin Disamba da Janairu ke fito da shi. Girmansa gwargwadon ɗaki ne: ƙarami ba ya ɗumama soro, babba kuwa a rufaffen ɗaki yana kisa, don gawayi na fitar da guba marar wari. Lallai a bar kafar iska. Ana lulluɓe garwashin da toka don ya kai asuba. 2. Mazubin tuya ko na turaren wuta.