Raina Kama Ka Ga Gayya: Tarihin 'Yan Matan Kwalejin Immaculata a Fagen Ƙwallon Kwando

 

Watakila mai karatu ya yi mamakin abin da ya haɗa mujallar garinmu da labarin wasan ƙwallo a Amurka. Dalili shi ne, duk wanda ya daɗe yana riƙe da makaranta ya san kalmar da aka fi faɗa a taron malamai da iyaye, wato "babu": babu kuɗi, babu kayan aiki, babu wuri. Tarihin da zan kawo na wata ƙaramar makaranta ce da ta tara waɗannan "babu" ɗin duka, amma ta yi abin da manya suka kasa, daga bisani kuma abin ya kuɓuce mata. A hawanta da saukarta akwai abin da ya kamata mu tsaya mu duba.

Asalin makarantar da wasan

Kwalejin Immaculata tana jihar Pennsylvania, yamma da birnin Filadelfiya. Wata ƙungiyar mata masu zaman zuhudu ta ɗarikar Katolika, waɗanda aka fi sani da sistoci, ita ce ta kafa ta a shekarar 1920 domin ilimin 'ya'ya mata zalla. A lokacin da labarinmu ya faru ɗalibanta ba su kai dubu ɗaya ba, kuma da yawansu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne.

Shi kuwa wasan ƙwallon kwando, wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro shi a 1891. Shekara ɗaya bayan haka wata malama, Senda Berenson, ta fara koya wa ɗalibai mata a Kwalejin Smith, amma da dokokin da suka taƙaita gudu da zirga-zirga, domin a wancan zamani ana ganin jikin mace ba zai jure wahala ba. Haka aka daɗe mata na buga wasan mutum shida-shida, galibinsu a tsare a ɓangare guda na fili. Sai a 1971 aka amince wa matan kwalejoji su buga biyar-biyar a duk faɗin fili kamar yadda maza ke yi. A wannan shekarar ce kuma aka kafa AIAW, hukumar shirya wasannin mata a manyan makarantu, wadda ta sa gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya a 1972.

Zuwan Cathy Rush

A 1970 kwalejin ta ɗauki wata matashiya mai shekara 22, Cathy Rush, a matsayin mai horar da 'yan wasa, a kan ladan dala 450 a shekara. Abin da ta tarar ba ya ƙarfafa gwiwa. Gobara ta riga ta cinye zauren wasan makarantar, saboda haka sai a ɗan zauren gidan sistoci ake yin atisaye, wasanni kuwa a filayen wasu. Tufafin 'yan wasan ma tsofaffin riguna ne na ulu, irin waɗanda yayinsu ya wuce.

Sai dai akwai dukiyar da ido bai gani ba. Makarantun sakandaren 'yan mata na Katolika a Filadelfiya sun daɗe suna gasar ƙwallon kwando mai zafi a tsakaninsu, don haka yaran da ke shigowa kwalejin sun zo da ƙwarewarsu tun daga tushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fitacciya a cikinsu ita ce Theresa Shank, doguwar yarinya mai ƙarfi, wadda ta zama ginshiƙin tawagar har shekara huɗu.

Ita kuma Malama Rush ta zo da nata. Mijinta alƙalin wasa ne a babbar gasar ƙwararru ta maza, don haka ta saba kallon yadda ake wasan a can, ta lura da dabarunsu, ta kawo su wurin 'yan matanta: matsa wa abokin karawa lamba tun daga farkon fili, ƙwace ƙwallo, da kai hari cikin hanzari kafin a shirya. Da dokar biyar-biyar ta zo, sai ta zo daidai da salonta, alhali wasu masu horarwa na ta laluben yadda za su rabu da tsohon tsari.

Tafiyar 1972

A gasar yankinsu ta 1972, maƙwabciyarsu West Chester, inda ita kanta Rush ta yi karatu, ta lallasa su da maki 70 da 38. Duk da haka matsayi na biyu ya ba su gurbi a gasar ƙasa da za a yi a garin Normal na jihar Illinois. Matsalar ita ce kuɗin tafiya. Sai 'yan wasa da sauran ɗalibai suka shiga sayar da buroshin goge haƙori, aka haɗa da ɗan abin da aka samu na gudummawa. Abin da aka tara bai isa kowa ba, dole aka bar wasu a gida, 'yan wasa takwas kaɗai suka tafi. Tikitin jirgin ma mai rahusa ne, irin wanda sai an ga ragowar kujera ake barin mutum ya shiga. A masauki suka cunkushe hurhuɗu a ɗaki, suna wanke rigunansu da hannu bayan kowane wasa.

Tawaga 16 ne suka hallara, aka jera Immaculata a ta 15, wato ba wanda ya sa ta a lissafi. Amma suka yi ta tsallake zagaye ɗaya bayan ɗaya har suka kai wasan ƙarshe, inda suka sake haɗuwa da West Chester ɗin nan. A wannan karon suka yi nasara da maki 52 da 48. Ta haka ƙaramar kwalejin da ba ta da ko zauren wasa ta zama zakarar farko a tarihin gasar AIAW. Da suka sauka a filin jirgin saman Filadelfiya, ɗimbin ɗalibai da iyaye da sistoci ne suka tarbe su. Daga nan laƙabin Mighty Macs ya bi su, sunan da ke nuni da ƙarfinsu.

Shekarun ɗaukaka

Masu cewa sa'a ce kawai ba su daɗe suna faɗa ba. A 1973 'yan matan suka gama kakar wasa ba a ci su ko sau ɗaya ba, suka doke Kwalejin Queens da maki 59 da 52 a wasan ƙarshe a New York. A 1974 suka ɗauki kofin karo na uku a jere bayan sun doke Kwalejin Mississippi da maki 68 da 53. A tsakanin nan sun yi wasa 35 a jere ba tare da an doke su ba, kafin Queens ta katse musu hanzari.

Ba za a ba da wannan tarihi a tsallake 'yan kallo ba. Mahaifin ɗaya daga cikin 'yan wasan, mai shagon kayan ƙarafa, shi ya riƙa kawo bokitan ƙarfe, sai ka ga sistoci cikin shigarsu ta kamala, tare da iyaye da ɗalibai, suna ta dukan bokiti har zaure ya ɗauka. Makarantar ba ta da 'yan kiɗa irin na manyan jami'o'i, amma tana da jama'ar da suka ɗauki tawagar tasu ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A watan Janairu na 1975 karawarsu da Jami'ar Maryland ta zama wasan ƙwallon kwando na matan kwalejoji na farko da aka nuna a talabijin a faɗin Amurka, suka kuwa ci 80 da 48. A watan Fabrairu na shekarar suka kara da Queens a shahararren zauren nan na Madison Square Garden a gaban 'yan kallo kusan 12,000, suka yi nasara da 65 da 61. Wannan ya rufe bakin masu cewa ba wanda zai biya kuɗi ya kalli mata suna wasa.

Yadda rana ta karkata

Abin lura shi ne, a shekarar da suka ci kofin farko aka shuka abin da zai sauke su. Ranar 23 ga Yuni, 1972, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar ilimi mai ɗauke da sashen da ake kira Title IX, wanda ya haramta nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Sannu a hankali wannan ya tilasta wa manyan jami'o'i su ware kuɗi domin wasannin mata. A 1973 kuma AIAW ta janye haramcin da ta sa a kan ba 'yan wasa tallafin karatu. Daga nan yarinya mai hazaƙa ta samu zaɓi: ko ta je inda za ta yi karatu kyauta da zaure na zamani, ko ta biya kuɗin makaranta a Immaculata. Ba za a ga laifin wadda ta zaɓi na farko ba.

Immaculata ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1975 da 1976, amma duka biyun Jami'ar Delta State, da gwanarta Lusia Harris, ta doke ta. A 1977 ta tsaya a matakin huɗun ƙarshe, karo na shida a jere. A shekarar ce Cathy Rush ta ajiye aiki, bayan ta ci wasa 149 an ci ta 15 kacal. Daga 1982 babbar hukumar NCAA ta fara shirya gasar mata, fagen ya koma hannun masu kuɗi. Immaculata, wadda ta zama jami'a a 2002 ta kuma fara ɗaukar ɗalibai maza a 2005, tana wasa ne a rukuni na uku, inda ba a ba da tallafin karatu saboda wasa. Dokar da ta buɗe wa miliyoyin 'yan mata ƙofa, ita ce ta rufe zamanin makarantar da ta nuna hanya.

Abin da ya saura

Kofi ya tafi, amma mutane sun saura. Theresa Shank, wadda bayan aure aka sani da Theresa Grentz, ta ci gasar AIAW ta 1982 da Jami'ar Rutgers, ta kuma jagoranci tawagar matan Amurka a wasannin Olamfik na Basalona a 1992. Marianne Stanley ta ci kofin ƙasa sau uku da Jami'ar Old Dominion, a 1979 da 1980 da 1985. Rene Portland ta shafe shekara 27 tana horarwa a Penn State. An shigar da Cathy Rush zauren karrama gwarzayen wasan na Naismith a 2008, tawagoginta na 1972 zuwa 1974 kuma a 2014.

Mu ma nan gida mun ɗanɗani 'ya'yan wannan itace. Da yawa daga cikin 'yan wasan D'Tigress, tawagar matan Nijeriya, a jami'o'in Amurka suka goge, har da mai horar da su Rena Wakama, wadda ta kai su zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a Olamfik na Faris a 2024, matakin da babu wata tawagar ƙwallon kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa kaiwa kafin su. A 2025 kuma suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere.

Kammalawa

Ya 'yan'uwa, ba ina kira ne mu mayar da 'ya'yanmu 'yan ƙwallo ba. Kowace al'umma da tarbiyyarta, su ma waɗancan yara a ƙarƙashin kulawar malamansu na addini suka yi abin da suka yi. Abin da nake so mu ɗauka uku ne.

Na farko, ƙarfin kwalejin daga ƙananan makarantu ya fito. Duk mai son ganin likita ko injiniya mace daga garinmu, to ya fara leƙa ajin firamare. Na biyu, malama ɗaya mai himma ta sauya tarihin makaranta, amma ladan da ake ba ta bai taka kara ya karya ba, kuma shekara bakwai kawai ta yi. Malamin kirki idan ba a riƙe shi ba, wani wuri zai ja shi. Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, sayar da buroshi ya kai su Illinois, amma bai iya riƙe su a sama ba. Gudummawar ranar taro tana fara aiki, ba ta ɗorar da shi. Abin da ke ɗorewa shi ne asusu tsayayye, da ake zuba wa kuɗi a kai a kai, ake kuma bayyana lissafinsa ga kowa.

Saboda haka ina roƙon shugabanni su sa batun asusun karatun 'ya'ya mata a gaban babban taro mai zuwa, kowane reshe na birni ya faɗi abin da zai iya ɗauka duk wata, komai ƙanƙantarsa. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya albarkaci zuriyarmu, ya ƙara haɗa kanmu, ya ɗaukaka garinmu. Amin.