Taskokin Busassun Tsirrai da Tarihin Ilimin Itatuwan Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Taskar busassun tsirrai wuri ne da ake adana ganye da fure da 'ya'yan itatuwa bayan an danne su sun bushe, an liƙa kowanne a kan takarda mai kauri. A gefen takardar akan rubuta sunan wanda ya tsinko shi, da wuri, da rana, wani lokaci har da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Wannan maƙala tana ganin cewa waɗannan takardu madogara ce ta tarihin Hausawa, kamar yadda suke madogara ga masana tsirrai.

Daga Katagum zuwa Landan

A watan Janairu na 1824 Dakta Walter Oudney ya rasu a Murmur, kusa da Katagum, a kan hanyarsa ta zuwa Kano tare da Hugh Clapperton. Tsirran da ayarinsu ya tara sun isa hannun Robert Brown, wanda ya bayyana su a 1826 a rataye na littafin tafiyar. A nan ne ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mungo Park.

Aikin da ya fi zurfi shi ne na John McEwen Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka wanda ya fara aiki a Arewa a 1905. Ya tara samfura a Katagum da Sakkwato da Kwantagora da Yola, ya aika da su taskar Kew da ke Landan. Da sunansa John Hutchinson ya kira itacen hano, wato ararraɓi, Boswellia dalzielii, a 1910. A 1916 Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai a Hausa, sannan shi da Hutchinson suka fitar da babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. Ya biyo baya a 1937 da littafi kan amfaninsu.

Muhimmancinsu ga Bincike

Sunan Hausa kaɗai ba ya isar mai bincike. Kalmar kauci, alal misali, tana ɗauke da ire-iren tsirrai da dama masu ɗarewa kan itatuwa, yayin da itace guda ke amsa hano a wani gari, ararraɓi a wani. Saboda haka duk mai nazarin maganin gargajiya sai ya ajiye samfurin shaida a taska, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta gandun daji da ke Ibadan, domin na bayansa ya tabbatar da abin da aka gwada. Haka nan, wuri da ranar da ke kan tsofaffin takardu suna nuna inda itace ya taɓa tsirowa kafin fari da sara su kawar da shi.

Kammalawa

Sai dai waɗannan takardu sun yi shiru a kan wasu mutane. Sunayen tsirrai da bayanin amfaninsu daga bakin manoma da makiyaya da mahauta da ungozomomi da masu magani suka fito, amma sunan Bature ne ya zauna a kan takarda, kuma yawancin samfuran asali suna Turai. Kew kaɗai tana riƙe da samfura sama da miliyan 7, Gidan Tarihi na Manchester kuwa kimanin 750,000 daga sassan duniya. Yanzu da ake ɗora hotunansu a intanet, nauyi ya rataya a wuyan masanan Hausa, na gida da mazauna Ingila, su karanta takardun nan, su gyara sunayen da aka rubuta a karkace, su kuma gwada su da abin da dattawan karkara suka sani tun suna raye.