Ƙungiyar Direbobi ta NURTW a Kudancin Kano

NURTW ita ce ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta Najeriya. An kafa ta a 1978, kuma tana ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC. Yawancin 'ya'yanta a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa masu zaman kansu ne: direba ya ja motarsa, ko ya karɓi ta wani yana kai balas kullum, ba albashi, ba fansho.

Aikin ƙungiyar ya fi fitowa a tasha, irin ta Kwanar Ɗangora a Kiru, inda hanyar Tudun Wada da Jos ta rabu da ta Zariya. Nan take tsara layin lodi don kada mai ƙarfi ya danne rarrauna, ta tsayar da kuɗin mota, ta sasanta direba da fasinja idan kaya sun ɓata. In an yi haɗari ko an tsare direba, shugabannin reshe ne ke zuwa masa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ratsa dajin Falgore da dare.

Direbobi kan koka da yawan kuɗin tikiti da kason 'yan kamasho, musamman ranar da fasinja ya yi ƙaranci.